Wata uku a Jos ban san ko'ina ba sai ofis da Taminus, ina 'yan gari ke zuwa?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce an turo ka aiki Jos daga Zariya, wata uku kenan, ka taho da madam da yara biyu, amma har yau daga gida sai ofis sai kasuwar Taminus ta tsakiyar gari, kana so ka san inda 'yan gari ke zuwa shan iska, inda ake zaman dare, da ƙananan shagunan da ake sayayya ba manyan kantuna ba. Toh bari in baka amsa iya abin da na sani. Ni a Gangare aka haife ni, sana'ata ɗaukar hoto ce, biki da suna da hoton kafin biki da na 'yan makaranta in sun fita yawon buɗe ido, sama da shekara 15 ina wannan aiki, kaga kuwa babu lungun da kyamara bata kai ni ba a garin nan, har wuraren da ƙafata kaɗai ba zata kai ni ba.

Kada ka ji komai don baka san ko'ina ba, baƙo ko da ido makaho ne. Sai dai abu na farko da zan gaya maka, Jos gari ne na lokaci. Wuri ɗaya zaka je da ƙarfe bakwai na safe ka ce Allah ya yi halitta a nan, ka koma ƙarfe ɗaya na rana ka rasa me ka gani ɗazu. Muna zaune a sama da mita 1,200 ne, shi ya sa sanyin, kuma da damina ruwa yafi sauka daga azahar zuwa yamma, wani lokacin har da ƙanƙara, ita ma ba wasa ba, tana fasa gilashin mota tana kashe kabeji a gona. Don haka duk fitar da zaka yi da yara daga Yuni zuwa Satumba ka yi ta da safe, kafin hadari ya haɗo kun dawo. Disamba da Janairu kuma akasin haka, ka bari rana ta ɗan ɗaga tukuna, in ba haka ba yaran Zariya zasu dawo maka da mura da fasasshen leɓe.

Tunda daga Zariya kake, gidan tarihi zaka fara zuwa, kuma inada dalili. Yana nan tsakiyar gari, kusa da gidan zu, daga Taminus ba wani nisa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Bernard Fagg ne ya kafa shi a 1952, saboda kawunan yumɓun nan na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa tun 1928. Zaka gansu a ciki, da ɗakin tukwane, da tsofaffin littattafan larabci rubutun hannu, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa a waje waɗanda yara ke so fiye da komai. Ka nuna musu ka ce ƙaramin layin dogo daga garinsu ya taso ya hawo dutsen nan don kwasar kuza, ya iso Jos a 1914, aka rufe shi a 1957. Amma duk wannan ba shi nake so ka gani ba. Ka wuce can baya, inda aka yi gine-ginen gargajiya na ƙasa, akwai ganuwar Kano, akwai kuma masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina, an kwaikwayo shi da ƙasa da azara yadda yake tun asali. Na asalin kai ka fi ni sanin halin da ya shiga, an daɗe da lulluɓe shi da ginin zamani, ga kuma rushewar da wani ɓangarensa ya yi a 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Toh a Jos zaka tsaya a ƙarƙashin bakan gizon nan ka ɗaga kai ka ga yadda aka tanƙwara ƙasa ta riƙe rufi babu siminti babu rodi. Ni wajen ƙarfe tara zuwa goma nake kai amare wurin, lokacin haske na shigowa ta ƙofa yana kwanciya a jikin bango, ja-ja haka, zanen da ke jikin ginshiƙai ya fito sarai, ciki kuma da sanyi da ƙamshin ƙasa. Na taɓa kai wani dattijo ɗan Zariya da ya zo bikin jikarsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da an ce masa ba sallah ake yi a ciki ba, ya dafa bango ya daɗe bai ce komai ba, daga baya yace haka yake sanda mahaifinsa ke riƙo hannunsa zuwa Juma'a. Ban ɗauki hoton ba wallahi, hannuna bai iya ɗaga kyamarar ba.

In kun fito akwai masu sana'ar hannu a harabar, jakar fata, takalmi, tukwane, sassaƙa, duwatsun wuya. Ka yi ciniki, kada ka biya kuɗin farko. Amma in aikin fata kake so da gaske ka tafi Naraguta ta hanyar Bauchi, wajen jami'a, can dukawan suke, kana iya kai ƙafarka a auna a ɗinka maka.

Wildlife Park kuma shi ne wurin yini da iyali. An buɗe shi a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 8, ta wajen Tudun Wada zaka bi. Kada ka je da tunanin Yankari, ba irinsa bane, nan daji ne a cikin gari mai dabbobi a killace. Ni abin da ke maida ni can ma ba dabbobin bane, itatuwan nan ne dogaye masu ganye kamar allura, in iska na kaɗawa zaka ji kamar ruwa na gudu a sama, ƙasa kuma ganyen ya zube ya yi laushi sai ka shimfiɗa darduma kawai. Ku tafi da abincinku a cikin kula, da ruwan sha da takalmi mai sauƙi don akwai tafiya. Ranar sallah da kirsimeti da sabuwar shekara cika yake maƙil, in hayaniya kake so toh, in kuma natsuwa kake nema ka je Asabar ɗin da babu wani biki. Ka riƙe hannun yara kusa da birai, kada su miƙa musu komai. In lilo da wasan yara kawai suke so, akwai filin wasa na Solomon Lar, awa biyu ta ishe ku.

Sai Rayfield. Can ne unguwar manya, gidan gwamnati na can, da filin golf ɗin da turawan kuza suka kafa tun 1913, da wurin shaƙatawar nan na bakin ruwa inda ake shiga kwale-kwale. Da la'asar sakaliya yafi kyau, ruwan na ɗaukar kalar sama. Amma dan Allah ka saurare ni a nan: ruwan nan da sauran irinsa da zaka gani birjik daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barikin Ladi ba tafkin Allah bane, ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Bakinsu ba ya gangarowa a hankali irin na kogi, taku biyu uku ne sai zurfi, ƙasan laka ce, ruwan kuma sanyi ƙarara har ya riƙe wa mutum jijiya. Duk ɗan Jos ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda kududdufin kuza. Kada yaro ya matsa baki, kada kai ma ka shiga ko ka iya ruwa, kwale-kwale kuma sai da rigar ruwa. Haka in kun fita bayan gari kuka ga shingen ƙerana da 'yan ƙabilar Birom ke kewaye gonaki da shi, yana da kyau a hoto amma farin ruwan jikinsa in ya shiga ido masifa ne, a hana yara karya shi.

Dutsen Shere na masu ƙarfin gwiwa ne, ƙololuwarsa ta haura mita 1,800, ta Lamingo ake bi. Ba na yara ƙanana bane, kuma ba a zuwa mutum ɗaya. Ku haɗu da abokan aiki, ku nemi ɗan ƙauyen ya yi muku jagora ku sallame shi da kyau, ku gaida mutanen da kuka tarar a gona, ƙasarsu ce ta Jarawa kuke takawa. Ku hau da sassafe ku sauko kafin azahar.

Yanzu kasuwa, nan ne nafi so ka buɗe kunne, don Taminus ɗin da ka sani ba ita ce Taminus ɗin da muka tashi muka gani ba. Babbar kasuwar da ke wurin ta ƙone a Fabrairun 2002, ginin da mutane ke zuwa kallo daga wasu jihohi, tun daga nan 'yan kasuwa suka watsu kan titi da lunguna da wasu unguwanni. Shi ya sa baƙo ke ganin kamar garin ba shi da tsari, alhali kowace haja da mazauninta. Kayan gwari Farin Gada. Hatsi da katako da gwanjo Katako. Taya da kayan mota Dilimi. Turare da hula da dabino da littattafan addini layukan da ke kewaye da babban masallacin Juma'a, kayan miya na yau da kullum kuma Kwararafa na nan kusa. In ta ɓangaren Bukuru kake zaune akwai kasuwar Building Materials, sunan ne kawai na kayan gini, amma kayan lambu ne jibge.

Farin Gada ka je ta sau ɗaya da asuba ko ba zaka sayi komai ba. Ana idar da sallah ka ɗau jaket ka tafi. Zaka tarar da motoci na sauke kabeji, 'yan dako na gudu da buhu a ka suna hanya hanya, tumatir a kwando, koren tattasai, kokwamba, koren wake, latas da raɓa a jikinsa, karas an wanke shi jawur an tara, matan da suka wanke shi hannunsu ya yi fari don sanyi suna ɗumama shi a bakin wutar mai ƙosai. Manyan motocin da ake lodi a gefe kudu zasu tafi da Abuja, abin da zaka saya da tsada a can nan yake kwana. Ka tsaya ka saurara: mai kayan Birom ce, dillalin Bahaushe, mai sayen Inyamura ce daga Anaca, direban Bayarabe, kuma duk da Hausa ake cinikin. Nawa kashi? Albarka. Haba mama ki sallama mana. Toh kawo kuɗi, Allah ya sa da rabonka. Kada ka tafi baka ce a yi maka gyara ba, ba rowa bace, al'ada ce, in baka tambaya ba ma sai a gane baƙo ne. Kuma ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu ka riƙe. Ni mace ɗaya nake sayen dankalin turawa a wurinta shekara da shekaru, daga wajen Bokkos take kawowa, in na zo takan ce ɗana bar wannan na jiya ne, ta jawo wani buhun daga baya. Ranar da matata ta haihu har gida ta aiko da acca. Coci take zuwa, ni masallaci, kuma ko sau ɗaya maganar bata taɓa shiga tsakaninmu ba.

Gwanjo kuma kada madam ta ji kunyarsa, a Jos kowa na sa gwanjo, saboda suwaita da jaket da bargon da zasu riƙe maka sanyin Disamba a can suke. Sirrin shi ne ka san ranar da mai shagon ke buɗe dila, ka karɓi lambarsa ka ce ya kira ka, zaɓen farko shi ne kaya, abin da ya kwana uku a rataye an riga an tsince na kirki. Ka duba zif, ka duba hammata da wuya, ka ɗaga rigar a rana ka ga ko akwai huji. Ka saya tun Oktoba, in sanyi ya shigo kuɗin ya tashi. Ka riƙa yawo da 'yan canji, da yawa na karɓar tiransifa yanzu amma mai kashin tumatir da mai keke sun fi son a hannu, ga netwok in ya ƙi sai ka tsaya kana jira.

Akwai maganar da in ban faɗa maka ba na ci amanarka. Garin nan ya sha wuya, 2001, 2008, 2010, an rasa rayuka ta kowane ɓangare, kuma tun daga nan mutane suka ja jiki, musulmi suka tattaru a unguwanni irin su Gangare, Rikkos, Unguwar Rogo, hanyar Bauchi, kirista suka tattaru a nasu. Akwai samarin da aka haifa bayan 2001 da basu taɓa shiga unguwar da ke kallon tasu ba, wannan abu na ci mini rai ƙwarai, don ni na yi wasan ƙwallo da yaran da yau sai a kasuwa muke haɗuwa. Zaka samu masu ce maka kada ka je can kada ka je nan. Ban ce ka yi watsi da maganarsu ba, amma in ka bi ta gaba ɗaya zaka shekara biyar a Jos rabin gari kawai ka sani. Ni aikina ya sa na ɗauki hoto a coci na ɗauka a ɗaurin aure a masallaci, kuma abin da na koya shi ne: unguwar da baka sani ba ka fara shigarta da rana, tare da wanda ya santa, abokin aikinka ɗan can ya isa. Ka yi gaisuwa. Kada ka ja gardamar addini ko siyasa a cikin keke ko tasi. Ranar Juma'a ana tare hanyoyi wajen masallaci, Lahadi da safe ana tarewa wajen coci-coci, ka yi haƙuri ka zagaya kada ka yi musu da masu tsaron. In kuma wata rana kaga 'yan kasuwa na jan ƙofa da rana tsaka, keke na juyawa babu fasinja, kada ka tsaya tambayar me ya faru, ka kama hanyar gida, sau tari jita-jita ce kafin la'asar an buɗe, amma gara ka ji labarin kana ɗakinka. Yawancin kwanakin shekara dai lafiya lau muke, ka gani da idonka wata ukun nan.

Zaman dare da ka tambaya, gaskiya kashi biyu ne. Mashaya akwai su da yawa, West of Mines a tsakiyar gari ta daɗe da suna a kan haka, ga sababbin wurare ta hanyar Rayfield masu kiɗa da gasasshen kifi da shisha, a unguwannin 'yan ƙasa kuma akwai gidajen burkutu. Ni bana sha, aiki ne ke kai ni in an yi bikin zagayowar haihuwa ko liyafar ofis, kuma na san wata rana abokan aikinka zasu ce oga zo mu je mu ci kifi. In zuciyarka bata kwanta ba ka ce musu a'a cikin mutunci, babu mai jin haushi, mutanen Jos sun saba da juna ta wannan fannin. In kuma wurin cin abinci ne ka je, ka tambayi naman, kai tsaye, don akwai inda ake sayar da alade har da kare, kuma su da kansu zasu gaya maka malam wannan ba naka bane. Kifi da tsiren Bahaushe sun raba ka da shakka.

Namu zaman daren kuwa teburin mai shayi ne, kuma ban ga garin da shayi ke da daɗi irin Jos ba, sanyin ne ke ƙara masa. Bayan isha ka fito da hular sanyi ka nemi teburin da ke kusa da gidanka wanda kaga dattawa da samari duk suna zama, wannan alama ce ta wurin mutunci. Benci biyu, tulin burodi, gwangwanayen madara an jera, kiret ɗin ƙwai, tukunya na tururi, mai shayin na ɗaga kofi sama yana zubo shi cikin wani kofin ba tare da ɗigo ya faɗi ba. Ka ce haɗin kauri, ko ka ce ruwan bunu in baka son madara, a soya maka indomi da ƙwai. Daren farko ka yi sallama ka sha ka yi shiru ka saurara. Nan zaka ji inda ake gyaran mota na gaskiya, wane tela ne ba ya saɓa alkawarin sallah, wace makarantar islamiyya ce ta dace da yaranka, wace hanya ce ta lalace. In aka shiga ƙwallo kuwa sai ka gaji, tsofaffi na Mighty Jets da ta ci kofin lig na farko a 1972, samari na Plateau United da ta ci a 2017, sauran kuma Arsenal da Madrid har sha ɗaya. Ranar wasa ka bi su filin hanyar Zariya sau ɗaya. Madam da yara kuma ka riƙa taho musu da masa da miya ko balangu mai zafi a takarda, da safe ta nemi mai gwaten acca a unguwa, in ta ɗanɗana sau ɗaya da kanta zata nemi a koya mata. Ka dai lura an hana acaɓa a cikin gari tun 2012, kuma keke na raguwa in dare ya yi, don haka zaman daren ya zama inda ƙafa zata maida ka gida.

Magangarar ruwa ta Assop da ke Hawan Kibo a hanyar Abuja da duwatsun Riyom ka bar su sai ka samu ranar hutu cikakkiya da mota mai lafiya.

In zaka je gida Zariya kuma kada ka sake ka tafi hannu rabbana, tsarabar Jos sananniya ce. Dankalin turawa rabin buhu, ka ce a baka wanda ba a wanke ba mai ƙasa a jiki, yafi daɗewa. Kabeji da karas ka saya da safen ranar tafiya. In lokacin sanyi ne ka ƙara da sitiroberi, daga Chaha wajen Vom ake kawo shi, zaka ga ana talla a 'yan robobi a bakin titi, ka juya robar ka duba na ƙasa kafin ka biya. Kada ka sa shi a but, ka ba madam ta riƙe a gaba inda babu rana, kuna sauka daga dutse zafi zai fara taɓa shi, in kun isa a raba wa su Hajiya a cinye a ranar.